Maki 3 cikin 21 na samu a sansanin lissafi, in janye ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 16, ina aji biyu na babbar sakandare a Zariya. Tun ina firamare ban taɓa sauka daga ta ɗaya a lissafi ba. Malaminmu ya sa sunana a gasar lissafi ta ƙasa, Allah ya taimake ni na tsallake zagayen farko da na biyu har aka kira ni sansanin horo, inda za a tace mutum shida da za su wakilci ƙasa a gasar duniya. A gwajin farko an ba mu tambaya 3 a awa huɗu da rabi, na tashi da maki 3 cikin 21. Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai tambayar da amsata daidai take, amma maki 1 aka ba ni, aka rubuta wai babu hujja. Wasu yaran sun shekara biyu ko uku suna wannan abu, suna kiran sunayen ƙa'idojin da ban taɓa ji ba, ni ko baki ba na iya sawa. Saura wata huɗu gwajin zaɓe. Babana ya ce in daina wahalar da kaina in fuskanci WAEC da JAMB, kuma hankalinsa bai kwanta da 'ya mace ta tafi wata ƙasa ba. Ina kuma tsoron ko an ɗauke ni in ja wa tawaga faɗuwa. In janye ne?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yarmu. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira. Kada ki janye. Maganar Baba ba ta tsallakewa ba ce, za mu zo kanta, amma bari mu fara da makin nan 3 tunda shi ya hana ki sukuni.

Lissafin aji da lissafin wannan gasa suna kawai suka tara. A aji malam yana nuna hanya, ya ba da tambaya 40 masu kama da juna, wanda ya riga kowa gamawa ba tare da kuskure ba shi ne gwani, kuma a nan kika yi fice. Gasar lissafi ta duniya, wadda aka fi sani da IMO, an fara ta a Romaniya a 1959 da ƙasashe 7, yau sama da ƙasa 100 ke zuwa, kuma wani abu dabam take nema. Kwana biyu ake zama, kowace rana tambaya 3 cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42. Gwajin da aka yi muku kwaikwayon rana ɗaya ne daga ciki. Ki lura, awa ɗaya da rabi aka ware wa tambaya guda. Ba a shiga da kalkuleta, ba a shiga da littafi, ko ma'aunin kusurwa an hana, daga biro da fensir sai rula da kamfas. Abin da ake ba maki a kansa kuwa hujja ce, wato ki jera dalilan da za su tilasta wa mai karatu ya yarda, taki bayan taki, ba tare da ya tsaya ya ce "to ta yaya?" a ko'ina ba. Amsa tsurarta, ko daidai take, da ƙyar take cin maki 1, wani lokaci ba ta cin komai. Wanda ya duba takardarki bai zalunce ki ba. Mu ma wannan tambayar ce ta fi faranta mana rai a wasiƙarki, don ta nuna idonki yana hango gaskiyar, rubuta ta ne ba a taɓa koya miki ba. Shi kuwa rubutun hujja cikin watanni ake koyonsa.

Ga dalilin da ya sa mutanen wannan fage ba sa yarda da gwaji. Ɗauki n×n + n + 41. Sa 0 a gurbin n, ki samu 41. Sa 1, ki samu 43. Sa 2, 47. Sa 3, 53. Duka lambobi ne gagara-rabo, waɗanda ba sa rabuwa da komai sai 1 da kansu. Ki ci gaba har 39, ba za ta ba ki kunya ba ko sau ɗaya, sau 40 ke nan a jere. Sai ki sa 40, ta ba ki 1681, wanda shi ne 41×41. Ɗalibin da ya gwada misali goma ya rubuta "saboda haka kullum haka ne" ya rubuta abin da ba gaskiya ba, alhali bai yi kuskuren tarawa ko ninkawa ko ɗaya ba.

Yanzu dubi yadda hujja take. A ce an tambaye ki ki nuna cewa kowace cikakkiyar lamba n, in aka cire ta daga n×n×n, abin da ya rage yana rabuwa da 6. Hannun da ya saba da aji zai gwada 2 ya samu 6, ya gwada 3 ya samu 24, ya gwada 4 ya samu 60, ya ja layi. Babu maki. Mai hujja zai rubuta cewa n×n×n − n daidai yake da (n−1)×n×(n+1), wato lambobi uku masu bin juna. A cikin kowace lamba biyu masu bin juna ɗaya tana rabuwa da 2. A cikin kowace uku masu bin juna ɗaya tana rabuwa da 3. Tunda 2 da 3 ba su haɗa wani abin rabo ba sai 1, abin da aka samu yana rabuwa da 6. Layi huɗu, kuma sun rufe dukan lambobin duniya. Babu wani abu a nan da ba ki sani ba tun ƙaramar sakandare.

Ga wata da muke so ki rubuta da hannunki yau, don tana koyar da abin da ya fi cinye wa sababbi maki. A cikin kowane mutum shida, dole a samu uku da duk sun san juna, ko uku da babu wanda ya san wani a cikinsu. Ɗauki mutum ɗaya, kira shi A. Saura biyar. Ko dai ya san aƙalla uku daga cikinsu, ko kuwa akwai aƙalla uku da bai sani ba, don in waɗanda ya sani ba su wuce biyu ba, waɗanda bai sani ba su ma ba su wuce biyu ba, jimla huɗu ke nan, ba biyar ba. A ce ya san B da C da D. In akwai biyu a cikinsu da suka san juna, su da A sun cika uku masu sanin juna. In babu, to B da C da D su ne ukun da ba su san juna ba. A nan ne ɗalibi yake ajiye biro yana murna, ya manta da ɗaya ɓangaren, inda A bai san ukun ba. Jimla ɗaya ce za ta rufe shi, ki ce hujjar iri ɗaya ce in aka musanya sani da rashin sani. Amma sai kin rubuta ta. Abin da ke cikin kanki mai duba takarda ba ya ganinsa.

Kurakuran da ke zubar da maki ba su da yawa, kuma su ne dai suke ta maimaituwa. Tambayar da ta ce "nemo duka" aiki biyu ce: ki nuna waɗanda kika samo suna aiki, ki kuma nuna babu wasu bayansu. Yawanci ana yin ɗaya a bar ɗaya. Sai raba ɓangarori biyun lissafi, na hagu da na dama, da abin da zai iya zama sifili, wanda yake haɗiye amsa guda ba ki sani ba. Sai ninka rashin daidaito, wato lissafin da ke cewa wani abu ya fi wani girma, da lambar da ba ki tabbatar ta haura sifili ba, alhali in tana ƙasa da sifili alamar juyawa take. Mafi muni shi ne farawa da abin da aka ce ki tabbatar, ki yi ta sarrafa shi har ki iso ga 1 = 1. A takardar gwaji wannan hanya ce mai kyau ta neman mafita, amma a rubutun ƙarshe dole ki juya ta, ki taso daga abin da aka sani ki sauka a kan abin da ake nema.

Ki kuma fahimci yadda ake raba makin, don zai canza yadda kike kashe lokacinki. Mai dubawa yana fara tambayar kansa ne: wannan takarda ta warware matsalar ko ba ta warware ba? In ta warware, daga 7 ake farawa a rage 1 ko 2 saboda ƙananan giɓi. In ba ta warware ba, daga sifili ake farawa a ƙara 1 ko 2 saboda wani ci gaba na gaske. Shi ya sa maki 3 da 4 suke wuyar gani, kuma shi ya sa ɗan taɓa kowace tambaya ba ya tara komai. Tambaya ɗaya cikakkiya ta fi uku rabi da rabi nesa ba kusa ba. A IMO tambaya ta 1 da ta 4, wato ta farkon kowace rana, su ne aka tsara su fi sauƙi, ta 2 da ta 5 matsakaita, ta 3 da ta 6 kuwa akwai shekarun da 'yan ƙalilan ne a duk duniya suke warware su. Kusan rabin masu gasa ne suke samun kyauta, in aka kasa masu kyautar kashi shida, zinariya kashi ɗaya, azurfa kashi biyu, tagulla kashi uku. A 2023 a Japan maki 18 ne ya ba da tagulla, a 2024 a Ingila maki 16. Wato tambaya biyu cikakku da ɗan ƙari. Wanda kuma bai kai ga kyauta ba amma ya ci 7 cif a tambaya ɗaya, ana ba shi takardar yabo. Burinki na wata huɗun nan ke nan: tambayar farko ta zama taki, ki rubuta ta yadda ba mai iya cire mata ko rabin maki.

Batun ja wa tawaga faɗuwa, cire shi daga ranki. Kowa shi kaɗai yake rubuta takardarsa a ɗakin jarrabawa, kyauta kuma da sunan mutum ake ba da ita. Jerin ƙasashe da ake yaɗawa tara makin mutum shida ne kawai, mafi yawa 252, kuma makin wani ba ya rage na wani. Duk abin da kika samu ƙari ne. In kuwa aka ɗauke ki, da makin gwajin zaɓe aka ɗauke ki, ba alfarma aka yi miki ba. Haɗin kan tawaga a wajen horo yake, kuma a nan ne shirunki yake cutar da ke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sunayen da suke firgita ki, irin su ƙaramar ƙa'idar Fermat ko rashin daidaiton Cauchy da Schwarz, kowacce layi ɗaya ko biyu ce, ana fahimtarta a zama ɗaya. Duk sunan da kika ji ki rubuta shi a bayan littafi, da yamma ki sami wanda ya faɗe shi ki ce ya nuna miki ita da tambaya ɗaya da ta yi aiki a ciki. Galibi masu wannan karatu suna jin daɗin a tambaye su. Sannan ki nemi mutum ɗaya, mace in akwai, ku riƙa musayar takardu kowane mako, kowa ya duba ta ɗan'uwansa ba sani ba sabo, ya ja layi a duk inda aka ce "a bayyane yake" alhali ba a bayyane yake ba.

Fannoni huɗu ne ake tambaya a kansu: ilimin siffofi, nazarin lambobi, aljabara, da dabarun ƙirga da tsarawa irin na mutum shidan can. Babu buƙatar lissafin jami'a. Da yake lokacinki kaɗan ne, kada ki raba shi huɗu daidai. Ki ba ilimin siffofi kusan rabinsa a wata biyun farko, don shi ne ya fi saurin biyan wanda ya yi masa hidima, kuma kayan aikinsa suna cikin darasin da'ira da ake yi muku a aji: kusurwoyin da suka tsaya a kan baka ɗaya daidai suke, siffa mai gefe huɗu da ke cikin da'ira kusurwoyinta masu fuskantar juna suna haɗa 180, sai alwatika masu kama da juna. Yawancin tambayoyin farko na wannan fanni farautar kusurwa ce har ki gano ɗigo huɗu da ke kan da'ira ɗaya wadda ba a zana miki ba. Zanen da kansa rabin aiki ne. Ki yi shi da rula da kamfas, ya ci rabin shafi, kuma ki kiyaye kada alwatikarki ta fito da gefe biyu daidai ko da kusurwar 90 in ba haka aka ce ba, don irin wannan zane yana nuna miki alaƙar ƙarya ki ɓata awa guda kina neman hujjar abin da ba ya nan. In kin zargi layi biyu da daidaito, sake zane na biyu mai siffa dabam ki gani ko zargin ya tsaya.

Bayansa sai nazarin lambobi, kuma ƙofarsa ita ce ragowa bayan rabawa. Misali, duk lambar da aka ninka da kanta, in aka raba ta da 4, ragowar 0 ce ko 1, ba ta taɓa zama 2 ko 3. Saboda haka in aka tara irin waɗannan guda biyu ragowar ba za ta wuce 2 ba, ke nan 1,000,003, mai ragowar 3, ba za ta taɓa zama jimlarsu ba, ba sai kin gwada ko ɗaya ba. Ki saba da duba ragowa da 3, 4, 7, 8 da 9. Aljabara da dabarun ƙirga su shigo sosai a wata na uku, amma ki riƙa taɓa tambaya ɗaya daga kowanne duk mako tun yanzu don kada su zame miki baƙi.

Yadda ake zama da tambaya ya fi yawan tambayoyin muhimmanci. Awa ɗaya da rabi a ranakun makaranta ta isa, in ta gaske ce, waya a wani ɗaki. Tambaya ɗaya, aƙalla awa guda kina kokawa da ita kafin ki leƙa amsa. In ta ƙi, karanta layin farko kawai na amsar, rufe, ci gaba da kanki. In ta sake ƙi, ƙara layi ɗaya. Washegari ki rubuta hujjar gaba ɗaya ba tare da dubawa ba, a tsabtace kamar za a ba ta maki. Karanta amsoshi a jere yana da daɗi, mutum ya riƙa gyaɗa kai yana jin ya gane, amma ranar gwaji hannu ba ya tuna abin da ido kawai ya gani. Ki ware littafi guda mai layi uku a kowane shafi: tambayar, inda na maƙale, da dabarar da ta buɗe ta. Bayan wata guda za ki ga dabara goma zuwa goma sha biyar ne suke ta dawowa da sabuwar riga.

Kada ki fara da tambayoyin IMO na shekarun nan, za su karya miki gwiwa a banza. Fara da tsofaffin takardun zagayen ƙasa, sai na gasar Afirka, PAMO, wadda ake yi tun 1987 da tsari irin wannan amma tambayoyinta sun fi sassauci, sai tsofaffin tambayoyin IMO na shekarun 1960 da 1970, daga nan ki hau ta 1 da ta 4 na kwanan nan. Shafin intanet na IMO yana ɗauke da tambayoyin kowace shekara kyauta. Ki sauke su sau ɗaya ki buga a shagon fotokwafi, takarda ba ta cin data kuma ba ta neman caji. Ranar Asabar kuma ki yi cikakken zama, ƙarfe 9 zuwa 1 da rabi, tambaya 3, ba tashi sai uzuri. Ki roƙi Mama ta mayar miki da aikin safiyar Asabar zuwa yamma. Zaman awa huɗu da rabi kan abu ɗaya shi ma horo yake so, da yawa kansu yana ɗaukar zafi tun a awa ta uku saboda ba su taɓa yi ba. A cikin zaman, minti 15 na farko ki karanta duka ukun ki gwada ƙananan misalai, sannan ki zaɓi wadda ta fi karɓar hannunki, ba lallai ta farko ba. Da zarar kin warware, rubuta ta a tsabtace nan take kafin ki taɓa wata, kuma ki bar minti 20 na ƙarshe don sake karantawa. Kowace tambaya a takardarta, ki sa lambar shafi. Takardun gwaji ma ki miƙa su, don a gasar jagoran tawaga da mataimakinsa su ne suke zama da alƙalai su kare takardarki, kuma sukan tsamo maki 1 daga abin da ɗalibi ya ɗauka shara ne. In kalmar tambaya ta shige miki duhu, a IMO ana karɓar tambayar neman bayani a rubuce cikin rabin awar farko kawai. Turancin hujja kuwa kada ya dame ki, kalmominsa kaɗan ne kuma su ne dai kullum, gajerun jimloli sun fi.

Yanzu Baba. Abu biyu ya faɗa, kuma dukansu maganar uba ce mai kula. Na farko, yana da gaskiya cewa kyautar gasa ba ta maye gurbin kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ba ta kuma maye gurbin makin JAMB. Kada ki yi masa alkawarin cewa gasar za ta kawo tallafin karatu a waje. Manyan jami'o'in duniya suna ganin girman wannan gasa, amma ba abin da za a rattaba hannu a kai ba ne tun yanzu. Abin da za ki iya nuna masa shi ne kalanda. Kina aji biyu, WAEC da NECO da JAMB ɗinki sai baɗi. Ita IMO a watan Yuli ake yinta, lokacin da 'yan aji uku suke tsakiyar NECO, saboda haka bana ce shekarar da ta fi miki sarari. Sharaɗin shiga shi ne kada mutum ya kai shekara 20 kuma kada ya riga ya shiga jami'a, ke nan kina da bana da baɗi, daga nan ƙofa ta rufe. Ki ba shi sharaɗi daga bakinki: in sakamakon zangon nan ya sauka a Turanci ko kimiyya, ke da kanki za ki rage. Sannan ki cika.

Na biyu shi ne tafiya, kuma shawararmu ki raba izini biyu. Yau izinin ci gaba da horo da zama gwajin zaɓe kawai kike nema. Izinin tafiya sai an ɗauke ki. Kada ki je masa ke kaɗai da gardama. Ki fara da Mama, sannan malamin da ya sa sunanki ya zo gida ya gaishe shi da takardar gayyata a hannu. Akwai tambayoyin da haƙƙin Baba ne ya yi wa masu shiryawa kuma a ba shi amsa a rubuce: su wane ne manyan da za su raka tawaga, akwai mace a cikinsu, ina za a sauka kuma yaya aka raba masaukin maza da mata, wa zai biya kuɗin jirgi, wace lamba zai kira. Tsarin IMO ya yarda ƙasa ta ƙara 'yan rakiya masu sa ido bayan jagora da mataimakinsa, har da wanda zai zauna tare da ɗalibai, sai dai kuɗinsu ba ya kan mai masaukin baƙi, don haka maganar a tayar da ita da wuri. Ƙasashen Musulmi irin su Saudiyya, Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Indonesiya da Iran suna zuwa, ana kuma tambayar kowace tawaga irin abincin da 'ya'yanta suke ci tun wajen rajista. Marigayiya Maryam Mirzakhani tana 'yar sakandare ta wakilci Iran, ta ci zinariya a 1994 da maki 41, ta sake ci a 1995 da 42 cif, daga baya a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Fields, wadda ake yi wa kallon mafi daraja a lissafi. In bayan duk wannan Baba ya ce a'a ga tafiyar bana, ki bi maganarsa ba tare da fushi ba, ki ci gaba da karatun, ki sake neman izini baɗi. Uban da ya ga shekara guda ta natsuwa da sakamako mai kyau ba shi ne uban da aka tunkara bagatatan ba.

Wani abu da zai ƙara kwantar masa da hankali, ya kuma kare aljihunsa: IMO ba a shiga ta da sunan mutum ko na makaranta, tawaga ɗaya ce daga kowace ƙasa, ta hannun hukumar da ƙasar ta wakilta. A Najeriya Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, a yankin Kwali na Abuja, ita ce ke shirya gasannin lissafi da kimiyya na ƙasa. Masaukin tawaga da abincinta a kwanakin gasar mai masaukin baƙi ne yake ɗauka, jirgi ne yake kan ƙasar da ta turo. Akwai wasu gasanni masu kiran kansu na duniya waɗanda iyaye ne suke biyan komai, wasu na ƙwarai ne, wasu kasuwanci ne kawai. Duk saƙon da ya zo ta waya yana neman a tura kuɗi cikin asusun wani mutum don a riƙe miki gurbi, kada a biya sai shugaban makarantarku ya tuntuɓi masu shiryawa kai tsaye.

Takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibi yakan ci zaɓe ya rasa jirgi saboda harafi ɗaya. In Baba ya amince, a fara neman fasfo tun kafin sakamakon zaɓe ya fito, ko ba a je bana ba zai yi amfani gaba. Za a nemi lambar NIN, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da wasiƙar amincewar iyaye tunda ba ki kai 18 ba. Yau ɗin nan ki ɗauko su ki jera a tabarma ki duba sunanki da ranar haihuwarki harafi bayan harafi. In wata ta ce Muhammad wata ta ce Mohammed, ko an sa sunan kaka a wata an bar shi a wata, a gyara yanzu, don gyaran NIN yana cin makonni, kuma sunan da ke fasfo shi ne za a sa a rajistar gasa da takardar gayyata da tikiti. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Biza ta danganta da inda gasar ta faɗo, don kowace shekara ƙasa dabam ce ke karɓar baƙi. In ƙasashen Turai masu bizar Shengen ne, ƙa'idarsu kwana 15 ce amma tana iya kaiwa 45, kuma suna neman inshorar lafiya ta Yuro 30,000, ga layin samun ranar ganawa a ofishin jakadanci wanda yake tsawo a damina saboda masu tafiya hutu da karatu. In gabas mai nisa ce, ki san Japan tana gaban Najeriya da awa 8, ƙarfe 9 na safiyar jarrabawa a can ƙarfe 1 na dare ne a jikinki, don haka mako guda kafin tafiya ki fara matso da barcinki da awa ɗaya kowace rana. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka kada a bar ta sai makon tafiya.